Zungeru da Mazan da Ba Su Komo Gida Ba

Hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Ikko ta nufi Kano, bayan ta haye Kwara a Jebba, takan ratsa wani ƙaramin gari a bakin kogin Kaduna kafin ta kai Minna. Sunan garin Zungeru, waɗansu kuwa suna ce masa Dungurum. Baƙon da ya zaga bayan garin zai tarar da kangaye cikin ciyawa, ya wuce bai kula ba. Nan kuwa gidan Gwamna da ofisoshinsa suke a da. Tun daga 1902, sa'ad da Gwamna Lugga ya taso daga Jebba, har ran da aka koma Kaduna a 1917, daga wannan wuri ake mulkin Nijeriya ta Arewa duka. A nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, ubansa yana aikin akawu. Da hedkwata ta tashi, sai garin ya shiga ramewa. Har 'yar gadar ƙarfen da Gwamna ke bi ta kai an kwance ta a 1954, an kai ta Kaduna an kafa cikin lambu. Abin da ba a iya kwashewa ba shi ne matattu. Akwai makabartar Turawa, kowa da kabarinsa. Akwai kuma ginin tunawa da sojan Rundunar Nijeriya waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918.

To, ku 'yan makaranta, a kan waɗannan soja za mu yi magana, da 'yan'uwansu na yaƙin da ya biyo baya, gama a cikinsu akwai mutanen garinku, ko kun sani ko ba ku sani ba.

A Ingila, in ka shiga ƙauye, da wuya ka rasa wani ginshiƙin dutse a bakin hanya ko a farfajiyar majami'a, an sassaƙa sunayen samarin ƙauyen da suka tafi yaƙi ba su komo ba. Dalili kuwa shi ne, gwamnatinsu ta yanke shawara ba za a komo da gawar kowa gida ba, mai kuɗi ko talaka, inda mutum ya faɗi nan za a binne shi. Da iyaye suka rasa kabarin da za su ziyarta, sai kowane ƙauye ya tara kuɗi ya kafa nasa dutsen. Yaro yana wucewa zuwa makaranta ya ga sunan gidansu a jiki. Mu namu ba haka aka yi ba. An kafa gine-ginen tunawa a garuruwan bariki, watau Zungeru da Lakwaja da Ibadan da Kalaba, da kuma Ikko. Saboda haka mutanen da Zungeru ke riƙe da sunayensu galibi ba 'ya'yanta ba ne. Amana ce aka ba ta, masu amanar kuwa ba su san inda take ba.

Bari mu fara da yadda suka mutu, don in ba a san wannan ba suna kaɗai ba ya gaya wa mutum kome.

A 1914 aka haɗa sojan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda, bataliya biyar. Da Hausa ake ba su umurni, ko da yake a cikinsu akwai Barebari da Zabarmawa da Dakarkari da Yarbawa da waɗansu kabilu da dama. Jar dara suke sawa ran fareti, ba su da takalmi. Yaƙi ya tashi a Turai cikin watan Agusta, kafin watan ya ƙare sun ƙetare iyaka sun shiga Kamaru, wadda a lokacin take hannun Jamus. Ƙungiyar da ta tashi daga Yola ta bi Binuwai ta auka wa Garwa a daren 29 ga Agusta. Jamusawa sun riga sun haƙa ramuka, sun girke bindigogi masu ruwa. Da gari ya waye aka yi wa namu ruwan harsashi a fili, babbansu Kanar Maclear ya faɗi, saura suka ja da baya zuwa Yola. Bayan mako guda aka sake yin wata hasarar a Nsanakang, can kudu a bakin kogin Kuros. Garwa ba ta faɗi ba sai a watan Yuni na 1915, bayan an jawo manyan igwa ta kogi. A kan dutsen Mora kuwa, kusa da iyakar Barno, wani hafsan Jamus mai suna von Raben ya ƙi sauka, shi da sojansa baƙaƙe, har watan Fabrairu na 1916. Ku lura, waɗanda ke bisa dutsen da waɗanda ke ƙarƙashinsa da yawa harshensu ɗaya, wataƙila ma kasuwa ɗaya suke ci kafin yaƙi.

Ba su gama hutawa ba aka zuba su cikin jiragen ruwa, aka zaga da su ta ƙurewar kudancin Afirka, suka sauka Darussalam a watan Disamba na 1916, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. A nan ne suka ga abin da ya fi harsashi. An kai su bakin kogin Rufiji, damina ta sauka, hanyoyi suka zama taɓo, motoci suka kafe, alfadarai suka mutu saboda ƙudan tsando. Abinci ya yanke. Watanni suna zaune a kan rabin awo, wani lokaci ko rabin babu. Suka ci naman dorina, suka ci biri, suka shiga tonon saiwoyin da ba su sani ba, waɗansu saiwar ta kashe su. Wani hafsansu, Kyaftin Downes, ya rubuta labarin wannan tafiya cikin littafi a 1919, shi ya sa muka san waɗannan abubuwa dalla-dalla. Sa'an nan a watan Oktoba na 1917 aka yi karon Mahiwa, kwana huɗu ana gwabzawa da rundunar von Lettow-Vorbeck. Jamusawa suka kewaye 'yan Nijeriya, suka yanke musu hanyar ruwa da ta harsashi. Cikin dukan sojan da Ingilishi suka shigar a wannan karo, kamar rabi ne aka kashe ko aka yi wa rauni. Waɗanda suka tsira suka komo gida a 1918, suka tarar da annobar mura tana jiransu kafin shekara ta fita.

Ba soja kaɗai suka tafi ba. Kowace bataliya tana da 'yan alaro, watau masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda ake nema daga hannun sarakuna, sarakuna su nema daga hakimai, hakimai daga dagatai. Kowa ya san wanda dagaci kan miƙa in an matsa masa: baƙo, ko bara, ko maraya, ko wanda ba shi da mai tsaya masa. Su ne suka fi mutuwa, da zawo da ciwon haƙarƙari da gajiya, su ne kuma aka fi mantawa da rubuta sunansu.

Yaƙin Hitila, na 1939 zuwa 1945, ya kai mutanenmu wurin da ya fi wannan nisa. Da fari Habasha: 'yan Nijeriya ne suka fara shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka fafari Italiyawa har mashigin Marda. Daga baya aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma a 1943, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga Bama don yaƙi da Japan. Ba Bama ta Barno muke nufi ba, wata ƙasa ce gabas da Indiya, yanzu ana ce mata Miyanma. Runduna ta 81 ta bi kwarin kogin Kaladan, inda ba hanyar mota, abinci sai jirgin sama ya jefo da laima, kaya kuwa a ka. Bataliya uku na Nijeriya suka bi Janar Wingate, aka sauke su a bayan abokan gaba. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung. In kun taɓa mamakin sunayen barikokinmu, ga asalinsu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Arakan da Myohaung a Ikko, duk daga wannan yaƙi suka fito. Waɗanda suka kwanta a can, da yawa an tattara su a makabartar Taukkyan kusa da Rangun. A tsakiyarta akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, Turawa da Indiyawa da mutanen Afirka.

Yanzu sai mu komo kan sunayen, don nan ne maganar take.

Wanda ya duba jerin sunayen sojan Nijeriya na waɗannan yaƙoƙi zai ga abu guda nan da nan. Mutum da sunansa na yanka, sa'an nan sunan gari: wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci, wane Yola, wane Dikwa. Sunan uba ba safai ake ganinsa ba. Ku 'yan makaranta wannan ba baƙon abu ba ne gare ku, gama rajistar makaranta ma haka ta yi wa na gabanku. Ta haka aka sami Aminu Kano, da Isa Kaita, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akawun bariki yakan tambayi sabon soja sunansa da inda ya fito, ya rubuta biyun a jere, shi ke nan ya zama sunansa har mutuwa. Waɗansu kuma da gangan suka ɓoye asalinsu. Akwai bawan da ya gudo daga gandu, akwai wanda ya gudo wa haraji ko bashi, akwai wanda ba Bahaushe ba ne amma ya ɗauki sunan Hausa a ƙofar bariki don a karɓe shi.

Wannan al'ada ta yi rana ta wani gefe. Dubi Chari Maigumeri. Ya fara aikin soja a wajen Jamus a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga Rundunar Nijeriya, ya je Afirka ta Gabas, ya je Habasha, ya je Bama, ya zama babban samanja, da zai bar aiki a 1953 aka ba shi girman kyaftin. Barikin Lakwaja da sunansa ake kiransa. Duk inda aka ambace shi an ambaci Magumeri, ƙaramin gari a ƙasar Barno. Amma irinsa kaɗan ne. Yawanci saurayin da ya fito daga wani ƙauye mai tafiyar kwana uku daga birni, in an tambaye shi garinsu, birnin zai faɗa, don ya san akawu bai taɓa jin sunan ƙauyensu ba. Sai a rubuta Kano, ko Katsina, ko Zariya. Kun ga manyan birane sun haɗiye matattun ƙananan garuruwa ke nan. Mutum goma suna iya zama da suna iri ɗaya cikin bataliya guda, lamba kaɗai ta bambanta su. Lambar kuwa tana London, mahaifiyarsa tana ƙauye, ba wanda ya gama su.

Waɗansu ko wannan ba su samu ba. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi, wadda aka kafa a 1917, ta yi alkawari tun farko za ta daidaita kowa da kowa cikin mutuwa. A 2021 wani kwamiti da ita kanta ta naɗa ya binciko takardunta, ya ce a yaƙin farko mutum 116,000 aƙalla, wataƙila ma har 350,000, ba a tuna da su da sunansu ba, ko kuwa ba a tuna da su sam ba, galibinsu mutanen Afirka ne da na Masar. Ministan tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Cikin takardun akwai inda Gwamnan Gwalkwas, ƙasar da yanzu take Ghana, ya ba da ra'ayi a 1923 cewa talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. A ganinmu ya hango wani abu, amma ya fassara shi a karkace. Gaskiya ne a ƙasar Hausa ba a saba kafa dutse mai rubutu a kan kabari ba. Sarki da talaka tudun ƙasa ne, damina kaɗan ta baje shi. Amma rashin dutse ba rashin riƙon suna ba ne. Muna da inda muke ajiye matattunmu, Gwamna ne bai san inda zai duba ba.

Muna ajiye su a jikin masu rai. In aka haifi yaro aka sa masa sunan kakansa, matan gida ba za su iya kiran sunan ba saboda kunya, sai su ce Abba, ko Baba, ko Babangida. Duk wanda ake kira haka, akwai wani mutum a bayan sunansa. Yaron da ya rasa mahaifi yana jariri akan ce masa Talle. In a gidanku akwai wani tsoho Talle wanda aka haifa wajen 1943, ya kamata a tambaya ina ubansa ya mutu. Muna ajiye su kuma cikin lissafin shekaru. Tsofaffi ba su cewa 1914, sai su ce shekarar Kakalaba, watau babbar yunwar da ta zo daidai da tashin yaƙin farko. Ba su cewa 1942, sai su ce 'Yar Gusau. Ba banza ba ne yunwa da ɗibar soja suka zo tare a bakin tsofaffi, gama rumbun da ya ƙare shi ya kai samari da yawa ƙofar bariki. A waɗannan shekaru ne kuma, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos saboda bukatar yaƙi, sanyin dutse da ƙarancin abinci suka kashe waɗansu. Ba su sa kaki ba, ba su cikin jerin kowace hukuma, amma mu muna lissafa su cikin waɗanda yaƙin ya ci.

In kuna shakkar ƙarfin irin wannan riƙo, ku tuna da Burmi. A can ne sojan da ake aikowa daga wannan Zungeru suka ci Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da jama'arsa a watan Yuli na 1903. Ba wata gwamnati da ta sassaƙa sunayen waɗanda suka faɗi tare da shi. Duk da haka zuriyar waɗanda suka tsira, suka bi ɗansa Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, suna can a garin da ake kira da sunansa, ba su manta da inda suka fito ba, ba su kuwa manta da abin da ya fito da su ba.

Mata sun fi maza riƙon wannan labari, dalili kuwa a fili yake. Namiji ya ji an ce wane ya mutu, ya yi ta'aziyya, ya koma gona. Mace ita ce za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In kuwa ba a tabbatar da mutuwar ba, aka ce dai ya ɓace, to, ta shiga uku, ba ta da miji, ba ta kuwa da damar yin wani auren sai ta kai ƙara gaban alƙali an yanka mata wa'adi, wanda a mazhabar Malikiyya yakan kai shekara huɗu. Macen da ta ƙirga waɗannan shekaru ba ta mantawa, 'yarta ma da ta gani ba ta mantawa. Ba kullum ne kuma labarin da ya iso gida yake zama daidai ba. Akwai wani saurayi, Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo a ƙasar Yarbawa, wanda ya shiga soja yana da shekara 16, yana aikin jinya. Ran 2 ga Maris 1944 Japanawa suka auka musu a bakin Kaladan, aka farfasa masa ƙafa, aka bar shi cikin gawawwaki. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani sojan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su har wata tara, alhali in Japanawa sun gane kashe shi za su yi. A gida an riga an fid da rai. Ran da ya komo, sai da mutanen garin suka watsa masa ƙasa, don su tabbata mutum ne ba fatalwa ba. Shi ya rayu har 2012, ya kuma rubuta labarinsa da hannunsa. Waɗanda aka bari kwance tare da shi a bakin kogin nan, kowannensu yana da nasa garin da aka yi irin wannan jira, sai dai ba wanda ya shigo a watsa masa ƙasa.

Saboda haka rabin kowane suna yana cikin littafin hukuma, rabi yana cikin gida. Hukuma tana da lamba da bataliya da ranar mutuwa. Gida yana da sunan uba, da unguwa, da dalilin tafiya, da wadda aka bari. A da ba mai iya haɗa su sai wanda ya je London. Yanzu hukumar ta sa jerin sunayenta duka a intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Abin da ke ƙarewa shi ne rabin da ke gida. Sojan yaƙin farko ba sauran ko ɗaya, na biyu ma sai ɗai-ɗai, 'ya'yansu kuwa su ne tsofaffin yau. Ranar tunawa da mazan jiya, wadda a da ake yi ran 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu saboda ƙarshen yaƙin basasa na 1970. Ana yin fareti a manyan birane, a ajiye furanni, a saki tattabaru, amma ba a karanta sunan kowa a Magumeri ko a ƙauyenku.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗan makaranta mai littafin rubutu da fensir ba. In kun je hutu, ku fara da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ku gaishe ta yadda ya kamata, kada ku tambaye ta shekara, ku tambaye ta wa aka ɗiba, da kuma sunan wa Baba ya ci. Ku rubuta yadda ta faɗa, ko da kun ga kamar ta haɗa Kamaru da Bama, gyara yana zuwa daga baya. Sa'an nan ku je wurin mai unguwa da liman, ko fasto, ku ji ko bakinsu ya zo ɗaya da nata. Ku roƙa a buɗe muku tsohuwar adaka. Takardar sallama ta wanda ya komo takan nuna bataliyarsa, mutanen gari guda kuwa sau da yawa tare ake ɗibarsu, don haka takardar mai rai tana iya nuna inda za a nemi mamaci. In kun sami minda, ku juya ta ku dubi bakinta. Ta yaƙin 1914 an buga lambar mutum da sunansa da rundunarsa a kewayen gefenta da ƙananan haruffa. Ta yaƙin Hitila galibi ba a buga kome ba.

Sa'ad da kuka zo neman sunan cikin jeri, kada ku tsaya a kan rubutun da aka koya muku a aji. Akawun bariki da kunnensa ya rubuta, ba da ƙa'ida ba. Audu yana iya zama Awudu, Garba ya zama Garuba, Umaru ya zama Imoru, Ibrahim ya zama Braima, Muhammadu kuwa ya zama Momadu ko Mama ko Momo. Sakkwato za ku same ta Sokoto, Barno kuwa Bornu. In ba ku sami sunan ƙauyenku ba, ku gwada na garin hakimi, in ba ku samu ba ku gwada na birnin sarki.